Tiga da Kacala: Yadda Dam Ya Sauya Halin Kogi

Duk ɗalibin kimiyyar halittu da aka kai ziyarar karatu Dam ɗin Tiga, a ƙaramar hukumar Bebeji, faɗin ruwan ne ke fara ɗauke masa hankali. Da wuya ya tambayi abin da ya sami kogin bayan an tare shi. Amsar tana can nesa, a cikin tarihin wata ciyawa da mutanen Haɗeja ke kira kacala.

Kogin Kano yana gangarowa ne daga tuddan kudu, ya ratsa dajin Falgore da ke tsakanin Doguwa da Tudun Wada. A da, halinsa irin na kogunan Arewa ne: ya cika ya batse da damina, ya koma rairayi da rani. Gwamnatin Audu Bako ta tare shi a Tiga tsakanin 1971 da 1974, daidai lokacin da fari ya addabi ƙasashen Sahel. Aka sami tafki mai ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Da shi ake noman rani a Kadawa da Kura, da shi kuma birnin Kano ke samun wani kaso na ruwan sha. Babu mai musun wannan alheri.

Sai dai Kogin Kano ba a Kano yake ƙarewa ba. Yana haɗuwa da Kogin Challawa su zama Kogin Haɗeja, wanda ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru. Da aka kammala Dam ɗin Challawa a 1992, rassan biyu duka suka shiga hannun masu buɗe ƙofa da rufewa. Ambaliyar shekara-shekara ta ragu, ruwa kuma ya riƙa gudana kaɗan-kaɗan har cikin rani.

Abin da kacala ke so ke nan. Ciyawa ce mai son ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa, tana yaɗuwa ta saiwa da ta iri. A da, ranin da ke busar da kogi shi ke taka mata burki. Da ya daina, sai ta cika magudanai, ta rage wa ruwa gudu, laka ta kwanta, lakar kuma ta ba ta sabon wurin tsiro. A yankin Guri da Kirikasamma da Nguru, wasu gonaki suka nutse, wasu suka rasa ruwa, kwale-kwalen masunta ya kasa wucewa, tsuntsayen jan-baki suka sami mafaka suna cinye gero da shinkafa.

Ana yanke ta da hannu da inji. Idan aka sare ta ƙasa da fuskar ruwa, saiwar takan rasa iska ta mutu. Amma muddin ba a sauya tsarin sakin ruwa daga Tiga da Challawa ba, ta yadda kogin zai sami ambaliyarsa da kuma lokacin bushewarsa, za ta dawo. Wannan hukunci yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, kuma kowace ƙofa da ta buɗe a Bebeji, manomin Guri ne ke ganin sakamakonta a gonarsa.