Dutse Mafi Tsawo a Nijeriya, da Labarin Mutanen Duwatsun Ningi

Wani mai sauraronmu daga Dingaya, ta ƙaramar hukumar Gwaram, ya aiko da wasiƙa yana tambaya: wane dutse ne ya fi tsawo a Nijeriya, kuma me ya kai mutane zama a kan duwatsu alhali ga fili shimfiɗe?

To Malam, dutsen shi ne Chappal Waddi, a jihar Taraba, kan iyaka da Kamaru. Tsawonsa mita 2,419. Masu sha'awar hawansa sukan yi kwanaki suna tafiya a ƙafa, da 'yan jagora daga ƙauyukan da ke gindinsa.

Amma amsar tambayarka ta biyu ba sai ka je Taraba ba, tana nan maƙwabtanku, a duwatsun Ningi. Tun da can Butawa da Warjawa da Fa'awa ke zaune a wurin, don dutse ganuwa ce da ba a yi wa aikin gayya. Doki ba ya hawansa, kuma mai kibiya ɗaya a sama ya ishi mahaya da yawa a ƙasa.

Wajen 1846 wani malami, Malam Hamza na Tsakuwa, ya ƙi biyan kuɗin ƙasa ga Kano, ya kwashi almajiransa ya shige duwatsun nan. Ka ga abin mamaki, malaman Hausawa ne suka haɗa kan ƙauyukan da ba Musulmi ba, har aka sami sarauta. A zamanin Ɗan Maje, daga 1855 zuwa 1870, Ningawa suka zame wa kudancin Kano ƙarfen ƙafa. Su sauko su kwashi mutane da dabbobi, kafin dawakin sarki su iso sun haye. Manomin ƙasar Birnin Kudu ba ya nisa da ganuwa, fatake kuwa sai sun taru ayari. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya sha kai musu yaƙi, bai murƙushe su ba. Su ma mutanen dutsen, kada a manta, gudun masu kamun bayi ne ya riƙe su a can.

A 1902 Turawa suka ci Ningi, zamanin Ɗan Yaya. Da hari ya ƙare, sai mutane suka riƙa saukowa neman gona da kasuwa. Shi ya sa garin Ningi na yau yake a fili, Tsohuwar Ningi kuwa tana can cikin duwatsu.