Yusuf Latif a Zariya, 1981-1985: Tarihin Haɗuwar Kiɗan Jaz da Bushe-bushen Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1981 wani dattijo baƙar fata ɗan Amurka, wanda ya kai shekara sittin a duniya, ya sauka a Samaru ta Zariya domin kama aikin bincike a Jami'ar Ahmadu Bello. Sunansa Yusuf Latif, amma a jikin faya-fayensa ana rubuta shi Yusef Lateef. A lokacin ya riga ya shahara a Amurka da Turai da Japan a fagen kiɗan jaz, ga kuma digiri na uku a hannunsa. Duk da haka ya yi shekara huɗu yana bin mabusan sarewa da algaita yana ɗaukar darasi a wurinsu. Manufar wannan takarda ita ce ta bi diddigin yadda aka yi hakan ta faru, ta bayyana irin kiɗan da ya zo da shi, sannan ta nuna cewa kunnen da ya saba da kiɗan Hausa yana da abubuwan da zai kama da su wajen sauraron sabon jaz, wanda mutane da yawa ke ɗauka hayaniya ce kawai.

2.0 Asalin Jaz da Rabe-rabensa

Jaz ya samo asali ne a birnin New Orleans na kudancin Amurka a farkon ƙarni na 20, a tsakanin jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Babban abin da ya bambanta shi da kiɗan Turawa na rubuce shi ne ƙirƙirar nan-take. Makaɗa sukan fara da wani ɗan gajeren kari da kowa ya sani, daga nan sai kowane mabushi ya karɓa bi da bi, yana sarrafa karin yadda zuciyarsa ta ba shi, a ƙarshe kuma a koma inda aka fara.

A ƙarshen shekarun 1950 wasu matasan makaɗa suka ga ƙa'idojin da ake bi sun yi musu ƙunci. Ornette Coleman, mabushin saksafon, shi ne ya yi fice wajen ɓalle wannan shinge. A watan Disamba na 1960 ya tara makaɗa takwas, ya raba su gida biyu, huɗu-huɗu, suka yi kiɗa a lokaci guda na tsawon minti 37 ba tsayawa. Faifan ya fito a 1961 da sunan Free Jazz, wato sakakken jaz, kuma sunan ya bi salon gaba ɗaya. John Coltrane ya bi sawu a 1965 da faifan Ascension, inda makaɗa 11 suka yi kusan minti 40 suna busa tare, suna rabuwa, suna sake haɗuwa.

Reshe na biyu shi ne wanda za a iya kira jaz na gamin-gambiza. Miles Davis ya ɗauki faifan Bitches Brew a watan Agusta na 1969, ya fito a 1970. A cikinsa an haɗa jaz da jita da fiyano masu amfani da lantarki, aka sa makaɗan ganga fiye da ɗaya, sannan aka yayyanka zaren rikodin aka sake harhaɗa shi a ɗakin ɗaukar sauti. Yaransa irin su Herbie Hancock da Joe Zawinul da John McLaughlin kowa ya kafa tasa ƙungiya a kan wannan turba.

3.0 Waiwayen Afirka

Waɗannan sauye-sauye sun zo daidai da lokacin da ƙasashen Afirka ke samun mulkin kai, baƙaƙen Amurka kuma suna fafutukar neman 'yancinsu. Don haka makaɗan jaz da yawa suka juyo da fuskarsu gida. Louis Armstrong ya zagaya Afirka a 1960, har ya gana da Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, a Kaduna. Randy Weston ya zo Legas a 1961, daga baya ya zauna a Tanja ta Maroko yana aiki da makaɗan Ginawa, waɗanda kakanninsu bayi ne da aka ƙetara Sahara da su daga ƙasashen Sudan. Archie Shepp ya yi wasa tare da makaɗan Abzinawa a bikin al'adun Afirka na birnin Aljas a 1969. Wasan Coltrane na ƙarshe da aka ɗauka a faifai ya yi shi ne ranar 23 ga Afrilu, 1967, a cibiyar Babatunde Olatunji, makaɗin gangar nan ɗan Nijeriya, a unguwar Harlem. A bikin FESTAC na 1977 kuwa, Sun Ra ya zo Legas da dukkan tawagarsa.

Yawancin waɗannan ziyarce-ziyarce na 'yan kwanaki ne, kuma sun fi tsayawa a biranen bakin teku. Abin da ya bambanta Yusuf Latif shi ne ya shigo can cikin ƙasar Hausa, ya zauna, ya yi karatu.

4.0 Wane ne Yusuf Latif?

An haife shi ranar 9 ga Oktoba, 1920, a Chattanooga ta jihar Tennessee, ya tashi a birnin Detroit. Sunansa na yanka William Emanuel Huddleston. A 1949 ya shiga ƙungiyar Dizzy Gillespie yana busa saksafon, kuma a wajejen wannan lokaci ne ya karɓi Musulunci ta hannun 'yan Ahmadiyya, ya sauya suna. Daga baya ya yi aiki da Charles Mingus, sannan da Cannonball Adderley daga 1962 zuwa 1964.

Tun a shekarun 1950 ya fara shigo da kayan busa na wasu al'ummu cikin jaz: argul na Larabawa, da shahnai na Indiya, da wata ƙaramar sarewar yumɓu ta Sin. Faifansa Eastern Sounds na 1961, wato sautukan gabas, ya zama abin koyi ga na baya. A 1975 ya sami digiri na uku a fannin ilimi daga Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, inda ya yi nazari a kan tsarin ilimin Turawa da na Musulunci. Bai yarda da kalmar jaz ba, don yana ganin akwai raini a cikinta. Ya ƙirƙiro wa kiɗansa suna mai ma'anar kiɗan da ke fitowa daga jikin mutum da hankalinsa da ruhinsa, kuma da wannan suna, Autophysiopsychic, ya fitar da wani faifai na gamin-gambiza a 1977.

5.0 Zaman Zariya

Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, ta buɗe Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya a farkon shekarun 1970. Cibiyar tana da masu bincike, tana kuma da ƙungiyar makaɗa da 'yan rawa da 'yan wasan kwaikwayo. A nan aka ɗauki Latif a matsayin babban jami'in bincike daga 1981 zuwa 1985.

Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne sarewa, wadda Fulani makiyaya suke busawa a wajen kiwo. Kara ne mai rami da 'yan huje-huje huɗu, ba ta da harshe, ba ta da maɓalli irin na sarewar Turawa. Da leɓe da iska da yatsu kawai mabushi ke samar da duk sautin da yake so, wani lokaci ma yana haɗawa da gurnanin maƙogwaro, har a ji kamar mutum biyu ne ke busa. Mutumin da ya shekara talatin yana neman sababbin sautuka a cikin ƙarfe sai ga shi ya tarar da su a cikin kara. Haka kuma ya koyi algaita, wadda ba ta zame masa baƙuwa sosai ba, domin obo ɗin da ya daɗe yana busawa danginta ne: dukkansu da tagwayen harshe ake busa su.

Wannan zama ya haifar da abubuwa uku. Na farko faifan Hikima, wanda aka ɗauka a 1983 tare da makaɗa da mawaƙa 'yan Nijeriya, cibiyar ce kuma ta fitar da shi. Sunan ma Bahaushe ne. Na biyu faifan In Nigeria, wanda aka ɗauka a Legas a 1983, kamfanin Landmark ya fitar da shi a Amurka a 1985. A cikinsa ganguna da muryoyi ne ke tallafe da busarsa, a maimakon fiyano da aka saba ji a jaz. Na uku littafin Hausa Performing Arts and Music, wanda ya rubuta tare da Ziky Kofoworola, aka buga a Legas a 1987, a kan wasanni da kaɗe-kaɗen Hausawa.

Akwai abin lura a nan. A al'adar Hausa makaɗi maroƙi ne, ana jin daɗin waƙarsa, ana yi masa kyauta, amma ba kowa ke son ba shi 'ya ba. Ga wani mai digirin dakta ya taso daga Amurka ya mai da makaɗan nan malamansa. Shekara uku bayan tafiyarsa, a 1988, jami'ar nan ta Ahmadu Bello ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa. Abubuwan biyu ba ɗaya ne ya jawo ɗaya ba, amma sun nuna yadda jami'a ta fara kallon kiɗa a matsayin ilimi a wancan zamani.

6.0 Sauraron Sabon Jaz da Kunnen Bahaushe

Ɗalibin da ya karanci waƙar baka yana da mabuɗai guda huɗu da zai shiga wannan kiɗa da su.

Na farko shi ne gindin waƙa da ɗiyanta. Ɗan karin da makaɗan jaz ke farawa da shi, suke komawa gare shi, daidai yake da gindi. Abin da kowane mabushi ke ƙirƙirowa a tsakani shi ne ɗiya. Kamar yadda Shata bai rera Bakandamiya iri ɗaya sak a kowane dandali ba, haka Coltrane bai taɓa busa kari ɗaya sau biyu ta hanya ɗaya ba. Shi ya sa masu son jaz ke neman rikodin wasanni daban-daban na kari guda. Faifai hoton rana ɗaya ne kawai.

Na biyu jagora da amshi. A sakakken jaz ba a bin layi, amma ana sauraron juna. Idan mai saksafon ya jefa magana, mai ganga yana amsawa, ko ya yi masa ƙari, ko ya tsokane shi kamar yadda sanƙira ke yi. Mai sauraro ya zaɓi kayan kiɗa ɗaya ya bi shi daga farko har ƙarshe, a karo na biyu ya bi wani.

Na uku cakuɗuwar kiɗa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Zazzau ko ta Kano ranar hawan salla ya san yadda kakaki da algaita da tambari da gangunan hakimai daban-daban ke tashi a lokaci guda, kowane rukuni da nasa take. Baƙo zai ce hargitsi ne, ɗan gari kuwa yana iya tsamo taken hakiminsa daga ciki. Da irin wannan kunne ake sauraron faifan Coleman na 1961, inda rukuni ɗaya ke fitowa ta lasifikar dama, ɗaya ta hagu.

Na huɗu sautin kansa. Mabusan sabon jaz sukan sa saksafon ya yi ƙara, ya yi kuka, ya yi shaƙaƙƙiyar murya, abin da malaman kiɗan Turawa ke ɗauka kuskure. Ga wanda ya tashi da jin algaita wannan ba aibi ba ne. Hatta dabarar mai algaita ta cika kumatu da iska, yana shaƙa ta hanci ba tare da busar ta yanke ba, ita ce Rahsaan Roland Kirk ya shahara da ita a Amurka.

Sai dai kamancin yana da iyaka. A kiɗan Hausa magana ce a gaba: kalangu yana faɗin kalmomi, kakaki yana kiran sarki, take yana da mai shi. A sabon jaz kuwa galibi babu kalmomin da ke ƙarƙashin busar, kuma ba wanda ake wasawa. Wanda ya zauna yana jiran ya ji abin da saksafon ke cewa, kamar yadda yake fassara kalangu, zai daɗe yana jira. Haka nan tarbar 'yan kallo ta bambanta. A dandalin Hausa ana shiga fili a yi liƙi, a zauren jaz kuwa ana zama shiru, sai mabushi ya kai ƙarshen rabonsa a tafa masa.

7.0 Kammalawa

Latif ya koma Amurka a 1985 ya ci gaba da koyarwa a Massachusetts. A 1988 ya sami lambar Grammy da faifan Little Symphony, a 1992 ya kafa kamfaninsa na faya-faye mai suna YAL, kuma ya sake amfani da algaita a babban aikinsa The African-American Epic Suite na 1994. A 2010 hukumar raya fasaha ta Amurka ta ba shi lambarta mafi girma ta makaɗan jaz. Ya rasu ranar 23 ga Disamba, 2013, yana da shekara 93.

Abin da ya bari a kan Zariya da Ingilishi yake, kuma faya-fayen sun fi samun masu sauraro a ƙasashen waje fiye da garin da aka yi tunaninsu. A ɗaya ɓangaren, tun daga shekarun 1990 fiyanon lantarki ya mamaye ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano da Kaduna, yana kwaikwayon muryar sarewa da kalangu ba tare da mabushi ko makaɗi ba. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ɗalibin Hausa da ke neman batun kundi yana da aiki a gabansa: ya saurari Hikima da In Nigeria, ya tantance kayan kiɗan da ke ciki da sunayensu na Hausa, sannan ya ɗauki rikoda ya nemi mabusan sarewa da algaita da suka rage a Zariya da kewayenta, ya rubuta abin da suka sani da harshen da suke magana da shi.