Haraji da Kalmomin Ɗora Shi: Ma'ana da Tarihi a Ƙasar Hausa

Bahaushe ba ya cewa an roƙi haraji. Abin da yake cewa shi ne an ɗora haraji, ko an aza shi, ko an yanka shi, wani lokaci kuma an lafta shi. Wannan takarda za ta dubi kalmar haraji da aikatau ɗin da ke rakiyarta, domin a ga yadda ma'anarsu ta sauya tun daga zamanin sarakunan Haɓe har zuwa bayan mulkin Turawa, a Nijar da Nijeriya.

Kalmar haraji ararriya ce daga Larabci, wato kharāj. Sautin kh na Larabci yakan koma h a bakin Bahaushe, kamar yadda ake gani a hamsin da halifa da hatimi. A littattafan fiƙihu kharāj ba kowane irin kuɗi ba ne da hukuma ke karɓa. Kuɗi ne ko amfanin gona da ake biya a kan ƙasar noma, musamman wadda Musulmi suka ci da yaƙi ko da sulhu suka bar ta a hannun masu ita. Ya sha bamban da jiziya, wadda ke kan wanda ba Musulmi ba, ya kuma sha bamban da zakka, wadda ibada ce. Hausa ta riƙe wannan bambanci ta hanyar aikatau: zakka fitar da ita ake yi, ba a cewa an ɗora wa mutum zakka. Abin lura a nan shi ne, tushen kharāj a Larabci ma'anarsa fita ce, amma da kalmar ta shigo Hausa sai ta bar fita ga zakka, ita kuwa ta zama kaya.

Kaya ne kuwa, domin ɗora da aza kalmomin dako ne. Ana ɗora wa jaki mangala, ana aza wa yarinya tulu a ka. Aza ta fi yawa a karin harshen yamma, wato Sakkwato da Gobir da Adar da Arewa, ɗora kuma a Kano da gabas. Lafta ita ce ɗora kayan da ya fi ƙarfin mai ɗauka, saboda haka duk wanda ya ce an lafta wa talakawa haraji ya riga ya yanke hukunci a kan mai laftawar. Yanka daban take, domin tana nufin ƙayyade adadi, kamar yadda ake yanka sadaki ko tara. A ƴan shekarun nan kafofin yaɗa labarai sun fi son ƙaƙaba, wadda suke amfani da ita ga takunkumi da harajin kayan shigowa, tana kuma ɗauke da ma'anar tilas ba tare da shawara ba. Ɗalibin fassara da ya ɗauki waɗannan kalmomi a matsayin abu guda zai sa wa marubuci ra'ayin da bai faɗa ba.

Kafin jihadi, kuɗin da sarakuna ke karɓa kowanne da sunansa. Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci ya nuna cewa Sarki Kutumbi, wanda ya yi mulki daga 1623 zuwa 1648, shi ne ya fara karɓar jangali daga Fulani, kuma da shanu aka biya. Marubucin ya kira shi jiziya. Haka kuma ya ambaci Sarki Kumbari a ƙarni na 18, wanda ya matsa wa kasuwar Kurmi da karɓar kuɗi har ta kusa mutuwa, Larabawa suka tashi suka koma Katsina. A Kitab al-Farq, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa irin waɗannan kuɗaɗe cikin alamomin mulkin zalunci, ya kuma kawo sunayensu da Hausa a tsakiyar Larabcinsa: jangali, kuɗin gari, kuɗin salla, gaisuwa, da tawasa da ake karɓa daga mahauta. Hujjarsa ita ce shari'a ba ta san su ba. Barin sunayen da ya yi da Hausa ya dace da wannan hujja, tun da ba su da gurbi a cikin kalmomin fiƙihu.

Sai dai jihadi bai kawar da su duka ba. Lokacin da Bature Heinrich Barth ya isa Kano a 1851, ya tarar ana karɓar kuɗin ƙasa, wuri 2,500 daga kowane magidanci. Akwai kuɗin karofi, wuri 700 a kan kowace rijiyar rini, da wuri 600 a kan kowace bishiyar dabino, da kuɗin rafi a kan kayan lambu, da wuri 500 a kan kowane bawa da aka sayar a kasuwa. Tsarin sunayen ya cancanci a tsaya a kansa: kuɗin abu kaza. Sunan yana faɗa wa mai biya abin da ya jawo masa biyan, ko gona ce, ko sana'a, ko rafi. Wanda ba ya rini ba ruwansa da kuɗin karofi.

Wannan ne Turawan Ingila suka canza. Dokar da Lugga ya kafa a 1906 ta nemi a haɗe yawancin waɗannan kuɗaɗe su zama guda, a biya sau ɗaya a shekara, ta hannun dagatai da hakimai, a raba tsakanin gwamnati da En'e. Sunan da ya zauna wa wannan dunƙulallen kuɗi shi ne haraji, aka bar jangali ga masu shanu. Kalmar ta yi wa Turawa rana, domin tana da ƙamshin littafi, ga shi kuma ma'ajin En'e an kira shi baitulmali. Amma abin da ke ƙarƙashin sunan ya yi nisa da kharāj na malamai, tun da a wurare da dama ya zama kuɗi ne a kan kowane baligi, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, kuma da kuɗin Bature ake son a biya. Neman wannan kuɗi na cikin abubuwan da suka tura manoma ga gyaɗa da auduga, matasa kuma ga cin rani. Daga nan ne ma'anar haraji ta faɗaɗa har ta rufe duk abin da hukuma ke karɓa.

A ɓangaren Faransa labarin kalma ya bi wata hanya. Faransawa ba su nemi rigar Larabci ba, sun zo da tasu, l'impôt, Hausawan Nijar suka mayar da ita lanho. Harafin l na farko ba na kalmar ba ne, ƴar ƙaramar kalma ce ta Faransanci da ta manne, kamar yadda al ta Larabci ta manne a alƙali da alƙalami. Sautin p ya koma f, shi kuma f a gaban o yakan zama h a karin yamma, irin abin da ya faru a hoto. Lanho kuɗin kai ne, ana lissafa shi da yawan mutanen gida, ga aikin tilas a gefensa wanda ba a haramta ba sai a 1946. Nauyin waɗannan biyun ya sa iyalai da yawa daga Gobir da Katsinar Maraɗi da Damagaram suka riƙa tsallaka iyaka zuwa ƙasar Ingilishi. 

Bayan samun ƴancin kai, kuɗin kai bai tafi nan da nan ba a ko'ina. A Nijar, sai bayan farin 1973 da 1974, wanda ya halaka dabbobi masu yawa, gwamnatin Seyni Kunce ta sauke harajin dabbobi da na kai a cikin shekarun 1970, lokacin da kuɗin yuraniyom ke shigowa. A Nijeriya, ƙorafi a kan haraji da jangali na cikin abin da NEPU ta Malam Aminu Kano ta yi siyasa da shi tun daga 1950, kuma gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, sun yi shelar soke su da hawansu mulki a 1979. Har yau dattijon da ya ce an soke haraji wancan kuɗin kan yake nufi, shi kuwa ma'aikacin ofishin tara kuɗin shiga da ya ji haka zai ce ba a taɓa sokewa ba, domin shi harajin albashi da na kamfanoni da na kayan masarufi yake nufi.