Nazari Kan Ƙarfin Katin Hoto na GeForce MX150 Wajen Gudanar da Wasanni a Kwamfutar Ofis

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda kwamfutar tafi-da-gidanka da aka ƙera domin aikin ofis take ɗaukar nauyin wasannin bidiyo idan aka sa mata ƙaramin katin hoto mai zaman kansa. An ɗauki katin GeForce MX150 na kamfanin NVIDIA da kwamfutar ThinkPad T480 ta Lenovo a matsayin misali. Nazarin ya nuna cewa wutar da aka ware wa katin, da faɗin hanyar ma'adanarsa, da yadda ake fitar da zafi, su ke yanke hukunci, ba sunan da ke rubuce a jikin kwali ba.

1.0 Gabatarwa

Masu ƙera kwamfutar ofis sun fi damuwa da ƙarko da sauƙin ɗauka da daɗewar batir. Duk da haka, wasu samfuran suna zuwa da katin hoto na daban, kamar T480 ta shekarar 2018 wadda ake iya samunta da MX150 mai ma'adana gigabait 2. Irin waɗannan kwamfutoci na hannu sun cika kasuwanninmu, kuma ɗalibi kan saya da fatan ta yi masa karatu da wasa gaba ɗaya. Tambayar wannan nazari ita ce: iya ina ƙarfin katin ya tsaya, kuma me ke tsayar da shi?

2.0 Hanyar Nazari

An dogara ne da bayanan ƙira na katin da na injin sarrafawa, sannan aka yi lissafi a kansu domin a kwatanta abin da katin zai iya bayarwa da abin da wasanni suke nema.

3.0 Sakamako da Tattaunawa

3.1 Suna ɗaya, kati biyu

An fitar da MX150 a 2017 bisa ƙirar Pascal, da gutsuren GP108 mai cibiyoyin lissafi 384, wato gutsuren da ke cikin GT 1030 na kwamfutar tebur. Sai dai katin iri biyu ne da suna ɗaya. Na farko yana cin wat 25, saurinsa yana kaiwa wajen megahaz 1,530. Na biyu an taƙaita shi a wat 10, yana tsayawa a wajen megahaz 1,040, kuma shi aka sa a siraran kwamfutoci irin su ZenBook UX331UN ta Asus. Idan aka ninka yawan cibiyoyi da sauri, aka kuma ninka sakamakon sau biyu saboda kowace cibiya tana yin lissafi biyu a zagaye ɗaya, na farko yana ba da kimanin tiriliyan 1.2 na lissafi a daƙiƙa, na biyu kuwa 0.8. Ke nan kashi ɗaya cikin uku ya zube, alhali mai saye ba zai gane bambancin daga suna ba. Ko da haka, dukansu sun ɗara UHD 620 na Intel da ke haɗe da injin sarrafawa, wanda bai wuce 0.4 da ɗan ɗoriya ba.

3.2 Ƙuncin ma'adana

Hanyar da ke tsakanin gutsuren da ma'adanarsa bit 64 ce kawai, tana wuce da gigabait 48 a daƙiƙa, ko 40 a ƙaramin samfurin. GTX 1050, wanda aka yi domin wasa, yana da hanya mai bit 128 da gigabait 112 a daƙiƙa. Muhimmancin wannan yana fitowa ne idan aka duba allo. Hoto mai girman 1920 da 1080 yana da ɗigo 2,073,600, mai girman 1280 da 720 kuwa 921,600. Na farkon ya ninka na biyun sau biyu da kwata. Domin a samu hotuna 60 a daƙiƙa, dole katin ya gama kowane hoto cikin kashi 16.7 cikin dubu na daƙiƙa. Shi ya sa rage girman hoto ya fi kowace dabara tasiri a wannan kati. Wasanni marasa nauyi kamar League of Legends na 2009 da Dota 2 na 2013 suna tafiya lafiya. GTA V, wanda ya zo kwamfuta a 2015, yana yiwuwa idan an sassauta saituna. Cyberpunk 2077 na 2020 kuwa tun fitowarsa ya nemi ma'adana mafi ƙaranci gigabait 3, wadda ta wuce abin da katin T480 ya mallaka.

3.3 Zafi

Injin sarrafawa na Core i5-8250U mai cibiya huɗu, wanda ake samu a T480, an tsara shi a wat 15, amma yakan haura haka na ɗan lokaci kafin ya dawo. A aikin ofis nauyi yana zuwa ne jefi-jefi, sai injin ya huta a tsakani. Wasa kuwa yana matsa wa injin da katin lamba tare, ba hutu, su biyun kuma suna dogaro da ƙaramar fanka a siririn jiki. Da zarar zafi ya kusanci iyakarsa, wadda ita ce digiri 100 ga wannan injin, sai tsarin ya rage gudu da kansa. A nan ne wasan da ya fara sumul yake komawa yana tsittsinkewa. Saboda haka gwajin minti biyu a shago ba ya nuna gaskiyar kwamfuta. Matsalar ta fi tsanani a wurare irin su Sakkwato da Maiduguri, inda zafin bazara yakan haura digiri 40, ga kuma ƙurar hunturu da ke toshe mafitar iska.

4.0 Kammalawa

MX150 ya isa ga tsofaffin wasanni da marasa nauyi, musamman a girman 1280 da 720, amma bai kai ga manyan wasannin da suka biyo bayansa ba. Mai saye ya bincika lambar gutsuren da manhajar GPU-Z: 1D10 shi ne mai wat 25, 1D12 mai wat 10. Mai gwaji kuma ya auna gudun wasa bayan kwamfutar ta ɗau zafi, tana jone da caja, ya kuma rubuta zafin ɗakin da aka yi gwajin a ciki.