Gareji da Tarbiyyar 'Ya'yan Talakawa a Birnin Katsina

A gefen Babbar Kasuwar Katsina, inda Keke Napep da babura da motocin ɗaukar kaya suke kai da komo tun hantsi, ba a rasa rumfar bakanike ko mai faci ko mai walda. Za ka ga yaro ɗan shekara goma sha ya shimfiɗa kwali ya kwanta ƙarƙashin mota, rigarsa ta rine da baƙin mai, wani kuma ya tsuguna yana wanke notuna da fetur a cikin yankakken galan, yana jiran oga ya ce miƙo sifana mai lamba goma sha biyu. Waɗannan rumfuna su ne makarantar sana'a mafi girma da 'ya'yan talakawa suka samu a garin, kuma duk shirin koyar da matasa kanikanci da ya kauce musu zai kashe kuɗi ne ba tare da ya kai ga yaran da aka yi shi dominsu ba.

Tsarin ya girmi motar kanta. Tun lokacin da Katsina take matattarar fataken Sahara, a ƙarni na 17 da na 18, maƙera da dukawa da marina da masaƙa suna renon magadansu ta hanya ɗaya: yaro ya zauna gaban ubangida, ya fara da zuga ko aike, ya ci abincin gidan, hannunsa ya faɗa a hankali. Amma galibin waɗannan sana'o'i na gado ne, ɗan maƙeri ke zama maƙeri. Abin da kanikanci ya kawo sabo shi ne buɗe ƙofa ga wanda bai gaji komai ba. Babu gidan da ya gaji inji kaka da kakanni, saboda haka maraya da almajirin da ya sauke karatu da ɗan ƙauyen da ya shigo cirani duk sun sami wurin tsugunawa.

Yanayin sufurin garin ya ƙara wa sana'ar ƙarfi. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, reshen da ya bi ta Funtuwa ya kai Ƙaurar Namoda a 1929, amma layin dogo bai shigo birnin Katsina ba. Gyaɗa da auduga da fatu sai a bayan raƙumi da jaki, daga baya a mota. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, mota ta samu gindin zama, kuma ma'aikatar ayyuka ta En'e ta horar da direbobi da masu gyara. Sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu da ilmin tuƙi da gyaran inji sun ƙara yawan masu sana'ar, haka kuma kanikawa 'yan Kudu da suka zauna a garuruwan Arewa sun yaye yaran Hausawa da dama. Da kamfanin Fijo na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, ƙirar 504 ta cika hanyoyi, kuma mota ce da bakanike zai kwance injinta a gindin bishiya ya mayar, da kunne da hannu kawai. Bayan karyewar darajar naira daga 1986, sabuwar mota ta gagari mutane, aka koma ga tsofaffin motoci 'yan Kwatano da ake shigowa da su ta Maraɗi da Jibiya. Tsohuwar mota kuwa kullum tana neman likita, don haka garejoji suka yawaita, musamman bayan Katsina ta zama hedikwatar jiha a 1987.

Gwamnatoci ba su zauna haka ba. An kafa asusun horar da ma'aikata na ITF a 1971, da hukumar ilmin fasaha ta NBTE a Kaduna a 1977. Tsarin karatu na 6-3-3-4 ya sa darasin fasaha a ƙananan sakandare, sai dai a makarantu da yawa injinan da aka sayo sun tsufa cikin akwatunansu saboda rashin lantarki da malamai. A Katsina, gwamnatin Ibrahim Shema ta buɗe ƙauyen koyar da matasa sana'o'i, kuma kanikanci na cikin abin da ake koyarwa. Ƙoƙari ne da ya cancanci yabo, amma cibiya tana ɗaukar adadi ƙayyadadde, tana neman fom da hoto da wanda zai tsaya maka. Yaron da ya tsero daga Batsari ko Safana saboda 'yan bindiga, ko wanda 'yan dabar Ƙauraye suke zawarcinsa a unguwa, ba shi da ko ɗaya. Abin da yake da shi kawu ne ko maƙwabci da zai kama hannunsa ya kai shi wurin oga ya ce ga amana. A ranar zai ci tuwo, kuma da yamma zai koma da ɗan abin sabulu. Shi ya sa shirin hukumar samar da ayyukan yi ta NDE na ƙarshen shekarun 1980, wanda ya riƙa tura matasa wurin masu sana'a na gari, ya fi dacewa da halin da ake ciki ta fuskar manufa, ko da yake aiwatarwar ta sha tangarɗa.

Masu sukar gareji suna da hujja, kuma bai kamata a rufe ta ba. Akwai ogan da ke riƙe yaro shekaru yana aikensa sayen abinci, yana ɓoye masa sirrin aiki don kada ya tashi ya ƙwace masa kwastoma. Akwai duka, akwai zuƙo fetur da baki ta tiyo, akwai yaran da suka koyi shaye-shaye a wurin. Mafi girman suka shi ne rashin karatu. Motar yanzu ba ta da kafireta, kwamfuta ce ke raba mata mai, kuma sai an jona na'ura a karanta lambar matsalar da Turanci. Bakaniken da bai iya karatu ba sai ya koma canki-canki, ya sa mai mota sayen kayan gyaran da ba su ne suka lalace ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ake maganar mayar da motoci masu amfani da iskar gas, aikin da kuskure a cikinsa yana iya cin rai.

Duk wannan gaskiya ne, amma hujja ce ta gyara gareji, domin babu gwamnatin da za ta iya gina ajujuwan da za su kwashe yaran da ke cikinsa. An ga alamar hanyar a Kaduna, inda kwalejin kimiyya da fasaha ta garin ta haɗa hannu da masu sana'ar kasuwar Panteka don a auna ƙwarewarsu a ba su shaida. Katsina ma tana da kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman, kanikawa kuma suna da ƙungiyarsu ta NATA da shugabannin da ake jin maganarsu. A fara da ogannin, a koya musu aiki da na'urar gano matsala, a ajiye na'urar a hannun ƙungiya inda kowa zai ara. A rubuta yarjejeniya tsakanin oga da iyayen yaro mai faɗin shekarun koyo da ranar yaye. A buɗe ajin karatu da lissafi na yamma kusa da kasuwa, a lokacin da aiki ya lafa, sannan wanda ya ƙware a kai shi jarrabawar gwajin sana'a ya karɓi takardarsa. Gwamnatin jiha da masu hannu da shuni na Babbar Kasuwa, waɗanda motocinsu ba sa motsi sai da waɗannan yara, su ya kamata su ɗauki nauyin wannan aiki.