Atlantis a Afirka: Tsakanin Almara da Abin da Aka Tono

Gabatarwa

Ɗaliban adabin baka sun san cewa Hausawa ba su zuba labarai duka a ƙwarya ɗaya. Akwai tatsuniya, akwai almara, akwai hikaya, akwai tarihihi, sa'an nan akwai tarihi. Kowane da matsayinsa, kuma mai sauraro ya san irin kunnen da zai ba shi. Matsala tana tasowa ne idan aka ɗauki labari daga rukuninsa aka kai shi wani rukuni. Wannan takarda za ta bi sawun wani labari da aka yi wa haka, wato labarin tsibirin Atlantis, wanda aka ce teku ta haɗiye cikin yini ɗaya da dare ɗaya. An sha jawo labarin nan zuwa Afirka, kuma kusan kowane karo sai a ɗauke aikin ƴan Afirka a ba wasu baƙi da ba a taɓa ganin kufansu ba.

1. Asalin labarin

Tushen labarin mutum ɗaya ne: Aflatun, masanin falsafa na birnin Atina a ƙasar Girka. Ya kawo shi cikin littattafansa biyu, Timaeus da Critias, wajen shekara ta 360 kafin miladiyya. Ya ce Solon, wani dattijon Atina, shi ya ji labarin daga bakin malaman bauta na birnin Sais a Masar. Bisa faɗarsa, tsibirin yana yamma da mashigin da yau ake kira Jibralta, kuma babban birninsa an gina shi zobe cikin zobe, biyu na tudu, uku na ruwa. Mutanensa suka yi arziki, suka yi girman kai, suka ɗaura yaƙi, sai Atina ta ci su. Daga nan girgizar ƙasa da ambaliya suka nutsar da tsibirin. Ya ce abin ya faru shekara 9,000 kafin Solon, wato wajen 9600 kafin miladiyya.

Abu biyu ne ya kamata a lura da su. Na farko, babu wani rubutu na Masar ko na Girka da ya riga Aflatun wanda aka samu labarin tsibirin a cikinsa. Na biyu, labarin ya dogara ga cewa Atina birni ce mai sojoji a wancan zamani, alhali tonon da aka yi a can bai nuna wani birni mai wannan tsufa ba. Saboda haka mafi yawan masana suka tafi a kan cewa almara ce mai darasi, wadda aka shirya don a ja kunnen ƙasa mai fahariya da ƙarfinta. Aflatun kuwa bai rasa abin misali ba, don a shekara ta 373 kafin miladiyya, yana raye, girgizar ƙasa ta nutsar da garin Helike na Girka cikin dare ɗaya.

2. Yadda almara ta sa rigar tarihi

A 1882 wani ɗan siyasar Amurka, Ignatius Donnelly, ya buga littafi inda ya ce Atlantis gaskiya ce, kuma daga can ne noma da rubutu da ƙira suka watsu zuwa Masar da nahiyar Amurka. Hujjarsa kamanni ce: ga dala a Masar, ga dala a Meziko, to lalle malaminsu ɗaya. Bai damu ba da cewa dubban shekaru ne tsakanin gine-ginen biyu, kuma amfaninsu ya bambanta. A 1883 ya ƙara da wani littafi da ya ce tauraro mai wutsiya ya taɓa faɗo wa duniya ya shafe wata wayewa. A kan wannan turba Graham Hancock, marubucin Ingila, ya bi a littafinsa na 1995 da shirinsa na Netflix na 2022. Shi ya danganta halakar da wani zamanin sanyi da ya auku tsakanin shekara 12,900 da 11,700 da suka wuce. Zamanin sanyin gaskiya ne. Abin da ba a samu ba shi ne birnin: ba tukwanensa, ba kaburburansa, ba jujinsa.

3. Atlantis a Ile-Ife

A 1910 wani Bajamushe mai nazarin al'adu, Leo Frobenius, ya isa Ile-Ife a ƙasar Yarbawa. A can ya ga kawunan mutane na yumɓu da kuma wani kai na tagulla da ake dangantawa da Olokun, abin bautar teku na Yarbawa. Kyawun aikin ya ba shi mamaki ƙwarai. Amma maimakon ya ce kakannin mutanen da ke gabansa ne suka yi, sai ya ce ragowar Atlantis ce, Olokun kuwa shi ne Poseidon na Girkawa, kuma wasu ne suka zo ta teku daga yankin Bahar Rum da wannan fasaha. Jaridun Turai da Amurka suka yayata maganar a 1911.

Ba shi ne farau ba. A 1871 wani Bajamushen, Karl Mauch, ya ga ganuwar duwatsu ta Babbar Zimbabwe ya danganta ta da Sarauniya Bilkisu. Sai da David Randall-MacIver ya yi tono a 1905, Gertrude Caton-Thompson ta sake yi a 1929, aka tabbatar cewa ginin ƴan Afirka ne. Duk da haka gwamnatin farar fata ta Rodeshiya ta ci gaba da matsa wa masu faɗin haka, har masanin kufai Peter Garlake ya bar ƙasar a 1970. A nan ake ganin amfanin irin wannan ra'ayi ga mai mulkin mallaka: idan baƙi ne suka kawo wayewa jiya, to baƙon yau ma ya sami hujjar zama.

A Ife ma ƙasa ce ta ba da amsa. A 1938, ana haƙa harsashin gida a unguwar Wunmonije kusa da fadar Ooni, aka ci karo da kawunan tagulla fiye da 10. Daga 1957 Frank Willett ya yi tono a Ita Yemoo, kuma gwaje-gwajen shekaru suka sa ayyukan tsakanin ƙarni na 12 da na 15 na miladiyya, wato fiye da shekara 10,000 bayan lokacin da Aflatun ya ambata. Fuskokin na ƴan ƙasar ne, da zane irin nasu. A kurmin Igbo Olokun, inda Frobenius kansa ya yi tono, binciken Abidemi Babatunde Babalola ya nuna cewa mutanen Ife suna narka gilashi suna yin duwatsun ado tsakanin ƙarni na 11 da na 15. Gani ya kori ji.

4. Idon Sahara

A zamanin intanet labarin ya sake sauka a Afirka. Kusa da garin Wadan a Muritaniya akwai wasu duwatsu da suka yi zobe cikin zobe, faɗinsu wajen kilomita 40. Ana kiran wurin Rishat, ko Idon Sahara, kuma ya yi suna ne bayan ƴan sama-jannatin Amurka sun ɗauki hotonsa a 1965. Tun wajen 2018 ake yaɗa bidiyo a YouTube cewa wannan ne birnin Aflatun.

Awo kawai ya isa ya warware zancen. Ɓangaren birnin da Aflatun ya ce an gina zobe cikin zobe, faɗinsa duka wajen kilomita 5 ne, kuma yana kusa da teku. Rishat ta ninka shi sau 8, tana wajen kilomita 500 daga gaɓar teku, a kan tudu. Masana duwatsu sun nuna cewa narkakken dutse ne ya turo ƙasa sama wajen shekara miliyan 100 da suka wuce, sa'an nan ruwa da iska suka cinye sassa masu taushi suka bar masu tauri a zagaye. Kayan da aka tsinta a wurin makaman dutse ne na mutanen farko, ba ganuwa ba tashar jiragen ruwa.

5. Abin da ƙasa ta faɗa

Kada a ɗauka cewa masana suna ƙin zancen bala'o'in da suka auka wa duniya. A shekarun 1920 J Harlen Bretz ya ce wata gagarumar ambaliya ce ta yashe gabashin jihar Washinton ta Amurka. Aka yi masa dariya, amma da hujjoji suka taru aka yarda, har aka ba shi lambar girma a 1979. Haka nan a 1980 Luis Alvarez da ɗansa Walter suka ce wani dutse daga sama ne ya kawo ƙarshen manyan dabbobin da ake kira dainoso. Suka nuna shaida a jikin duwatsu, daga baya aka gano ramin a Meziko, mai shekara miliyan 66. Bambancin waɗannan da masu neman Atlantis shi ne sun kawo abin da wani zai iya zuwa ya auna da kansa.

Sahara ma tana da nata babban canji. Tsakanin wajen shekara 11,000 da 5,000 da suka wuce damina tana kaiwa can arewa, saboda sauyin da ke faruwa a hankali cikin yadda duniya ke kewaya rana. Tafkin Cadi a lokacin ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000. A shekara ta 2000 ayarin Paul Sereno, suna neman ƙasusuwan dainoso a hamadar Tenere ta Nijar, suka tarar da maƙabartar Gobero, mai kaburbura wajen 200 a bakin wani tafki da ya ƙafe. Tare da mutanen akwai mashin kamun kifi na ƙashi, da ƙasusuwan dorina da kada da giwan ruwa. A Dabus, arewa da Agadas, akwai raƙumin dawa da aka sassaƙa a dutse, tsawonsa ya wuce mita 5. A Dufuna ta jihar Yobe a Nijeriya kuwa, a 1987, wani Bafillace mai haƙa rijiya ya ci karo da kwalekwale mai tsawon mita 8.4, wanda gwajin kabon ya ba shi wajen shekara 8,000. Ruwan nan bai tafi cikin dare ɗaya ba. Ƙarnuka ya ɗauka yana ja da baya, mutane da shanunsu suna bin sa zuwa kudu da kwarin Nilu.

Kammalawa

Ɗalibin da ya haɗu da irin wannan da'awa, a littafi ko a waya, yana iya yi mata tambayoyi uku. Wane ne ya fara faɗa, kuma a wane irin rubutu? Me aka tono, kuma yaya aka san shekarunsa? Wa labarin ya ba aikin, wa kuma ya hana? Labarin Atlantis yana da daɗi, kuma darasinsa game da girman kai bai tsufa ba, don haka gurbinsa na nan cikin almara. Tarihin Ife da Zimbabwe da Gobero da Dufuna kuwa yana da kufai da ƙasusuwa da shekaru da aka auna, kuma masu shi su ne mutanen da suka zauna a waɗannan wurare.