Hanyar Tegina da Mutanen Shebur

Yaran injiniyoyin yanzu suna da wata magana da ke ci mini rai. Da an ambaci hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, Tegina, Mokwa har Jebba, sai ka ji sun ce ai tsohuwar hanya ce, kamar tsufa ne ya kashe ta. Mu da muka ƙare ƙuruciyarmu a kanta mun san ba haka aka yi ba.

Ita ce fa hanyar Legas. Goron kurmi, shanun Arewa, siminti, man fetur, duk ta nan suke bi. Sai aka zaɓi Abuja a 1976, aka gina gadar Murtala a kan Neja kusa da Lokoja, gwamnati ta tare a sabon birni a 1991, ga tagwayen titi daga Abuja zuwa Kaduna har Kano. Ƙananan motoci suka karkata can, manya suka daina bin tamu, aka bar mana tireloli da tankoki. Hanyar da babba ba ya bi kuwa, raminta ba ya zuwa kunnen kowa.

Amma abin da ya fi ciwo shi ne watsewar tsarin da muka gada tun zamanin PWD, wato Ma'aikatar Ayyuka. Kowane lebura da yankinsa, daga wannan dutsen mil zuwa wancan, da digarsa da shebur da baro. Ya sare ciyawar gefe, ya yashe lambatu, ya cike ƙaramin rami tun yana kamar tafin hannu. Helima, shugaban leburorin, na zagawa a keke.

Helimanmu, Allah ya jiƙansa, bai yi boko mai zurfi ba, amma shi ya koya mini aikin da takardata ba ta koya mini ba. Ba ya fara duba kwalta. Idan an kwana ana ruwa, da asuba zai jingine keke, ya tattare riga, ya durƙusa a bakin kwalbati ya leƙa. In bai hango haske daga ɗaya ɓangaren ba, to ranar mai yankin ba zai sha da daɗi ba. Yakan ce mini, "Injiniya, mota ba ta cin hanya sai ruwa ya jiƙa mata." Shi ne ma ya ba ni labarin Jebba kafin a yi gadar mota, lokacin da jirgin ƙasa da motoci ke raba gada ɗaya, direbobi su kashe inji su yi ta jira har jirgi ya wuce, masu kifi na zagaya su da faranti.

Ba a kori leburorin nan rana ɗaya ba. Wanda ya yi ritaya ba a maye gurbinsa, wanda ya rasu yankinsa ya zama na kowa. Gyara ya koma sai an ba da kwangila, kwangila kuma sai hanya ta farfashe. Kwalbatoci suka toshe, ruwa ya kwanta a ƙarƙashin kwalta, tankoki suka ƙarasa sauran. Daji ya matso har bakin titi a yankin Birnin Gwari, kowa kuma ya san su wa suka ji daɗin haka. Da damina yanzu direban tirela kan yi kwanaki tsakanin Mokwa da Tegina, tafiyar da a zamaninmu ake yi tsakanin hantsi da azahar.